Igwar da Aka Buga da Rana Tsaka a Edinbara

Tun da muka dawo daga Edinbara ban huta da tambaya ba. Da na zauna ƙofar baƙalar Garba, wato kantinsa, a unguwarmu ta Kurayyat nan Jidda, kafin shayi ya huce wani zai ce, "Sabi'u, wai da gaske mazansu zane suke ɗaurawa?" Wani ya ce, "Wai rana ba ta faɗuwa a can?" Na yi ta ba da amsa har bakina ya gaji. Amma a duk amsoshin nan akwai wurin da nake tsallakewa. Yau zan jero muku tafiyar tun daga tashi har komowa, har da wurin da nake tsallakewar, don na gaji da fakewa a bayan shirun wanda ya rufa mini asiri.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Gumel ne. Umra ta kawo ni Makka, na maƙale. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Na yi shekaru ina tura arabiya, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya, tsakanin Safa da Marwa, kuma a cikin masu turin zamanina ba a ajiye ni baya. A can Baba Usman ya gan ni, ranar da na tura shi. Ya ce shi dai bai taɓa hawa arabiyar da ba ta jijjiga masa ƙugu ba sai tawa. Ya ɗauko ni Jidda, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, na zama ƙafafunsa.

Baba Usman Bahaushe ne haifaffen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kakanninsa da ƙafa suka zo ƙasar nan. Yana saurayi ya yi aiki da masu buga igwar azumi, wadda mutanen Jidda ke kira midfa. Shi ke ɗauko albarushi, shi ke cusa tsumma, shi ke goge bakinta bayan an buga. Idan ya soma labarin midfa, sai dai kiran salla ya tsai da shi. Yakan ce gari guda yana zaune da dabino a hannu, ba wanda zai kai baki sai su sun yarda. Daga baya lasifika ta karɓe aikin, igwar unguwarsu ta yi shiru, abin bai daina yi masa ciwo ba.

Da ciwon zuciya ya matsa masa, likitoci suka ce sai an yi aiki. Autarsa, Duktura Nawal, tana ƙarin karatun likita a Edinbara, a ƙasar Sikotilan, ta ce lalle a kawo shi can. Baba ya ƙi ƙememe. Ya ce wanda aka haifa a bakin ƙofar Makka ba ya zuwa ya mutu a ƙasar sanyi. Sai wata rana ta buga waya, ina riƙe masa ita a kunne. Ita Nawal tana jin Hausa sarai, amma idan za ta yi sai ta gauraya da Larabci.

"Abuya, garin nan akwai midfa, wallah. Kullum ana bugawa, illa Lahadi."

Baba ya gyara zama. "Midfa na gaskiya, mai hayaƙi?"

"Mai hayaƙi, Abuya. A kan ƙal'a, tsohuwar ganuwar garin, ƙarfe ɗaya na rana. Tun zamanin da, don masu jiragen ruwa su gyara agogo."

Baba ya ce, "Halas, zan zo. Amma ba mai taɓa ƙirjina sai na ga igwar nan da idona, na ga yadda suke cika ta."

Wannan shi ne abin da ya kai mu, ku riƙe shi.

Tafiyar ta faɗo cikin azumi, kuma tsakiyar lokacin da ranarsu ta fi tsawo. Kafin mu tashi na je wurin limaminmu. Ya ce, "Malam Sabi'u, tafiya ce, kuma ran tsoho na hannunka. Idan ka ji za ka galabaita, ka sha, ka rama in ka dawo. Allah bai ɗora maka abin da zai cutar da wani ba." Na ce na ji. Amma da na zo baƙala, Garba ya ce, "Kai dai za ka je ka yi ta shan shayi da rana, ka dawo mana da tumbi." Aka yi dariya. Ni kuwa na ce, "Ku zuba ido. Azumin da ya fi kowane tsawo a duniya ni zan kawo muku shi, ko ɗaya ba zan sha ba." Ku ne shaidu, a gabanku na faɗa. Daga wannan rana azumina ya tashi daga na Allah ya koma na ƙofar baƙala, ban kuwa lura ba.

Jirgi ya sauke mu Landan. A wurin duba fasfo, layin masu arabiya daban ne, aka wuce da mu gaba. Ma'aikacin da muka tarar yana da ƙaton rawani da gemu har ƙirji. Raina ya yi fari, na ce Allah Ya haɗa mu da malami. Na rusuna na yi masa cikakkiyar sallama, har da wabarakatuhu, na tambaye shi ya ibada. Mutumin ya yi murmushi, ya amsa da kyau, ya tambaye ni aikina da Turanci. Turancina na firamare ya gudu ya bar ni, sai na kama hannun arabiya na tura gaba na jawo baya. Ya gyaɗa kai, ya buga hatimi. Da muka wuce Baba ya ce, "Ya waladi, wannan ba Musulmi ba ne, mutanen Indiya ne masu nasu addinin. Amma ka ga ya fi wasu masu rawaninmu sakin fuska."

Nawal na jiran mu a waje. Ta faɗa jikin ubanta tana kuka, shi kuma yana cewa, "Bas, bas, ai ban mutu ba tukuna." Daga nan jirgin ƙasa muka hau zuwa arewa. Abin da ya fi ba ni mamaki a hanya tumaki ne. Ga su nan birjik a cikin ciyawa, ba makiyayi, ba sanda, ba mai kallonsu. Na ce wa Baba a Gumel da tuni an yi sallar layya da rabinsu. Cikin jirgin kuwa shiru kamar gidan makoki, kowa da littafi. Wata tsohuwa tana zaune gabanmu da ɗan karenta a kan cinya, an sa masa riga. Ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙa wa Baba ya ɗauka, don shi likita ya hana shi azumi. Ta miƙo mini. Na ɗaga hannu, na bugi ƙirji, na ce, "Ramadan!" da ƙarfi, har na bayanmu suka waiwayo. Tsohuwa ta yi ta ba ni haƙuri kamar ta taka ni. Baba ya jira ta kau da kai, ya ce a hankali, "Na gode kawai ake cewa, Sabi'u. Ƙirjin bai yi maka laifi ba."

Tashar jirgin Edinbara a cikin kwari take. Da ka fito ka ɗaga kai, sai ka ga ƙal'ar nan a kan wani baƙin dutse, tana leƙen gari. Ƙal'a dai tsohon sansanin sarakunansu ne, ganuwa a kan ganuwa. Baba ya ce in tsaya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wurin igwa ke nan. Wanda ya zaɓe shi ya san aiki."

Masaukinmu gidan da Nawal ke haya ne, a ƙasan tsohon gari. Gidajen wurin dogaye ne na dutse, manne da juna, da 'yan lunguna ƙanana masu duhu a tsakaninsu. Da a ce an sa musu tagogin katako irin namu, sai ka rantse Balad ce aka wanke da ruwan sama. Ɗakin a sama yake, ba na'urar hawa, sai matakala mai murɗewa. Don haka kowace fita goyon Baba nake yi, in sauke shi, in koma in ɗauko arabiya. Maƙwabcinmu wani tsoho ne, Mista Angus, tsohon direban bas. Ran farko ya fito ya kama arabiyar zai taya ni. Na karɓe, na nuna masa damtsena. Ya yi dariya ya faɗi wata doguwar magana. Na tambayi Nawal, ta ce ita ma rabi ta ji, don Turancin mutanen garin kamar suna tauna tsakuwa ne. Wai cewa ya yi garin nan ya fi ƙarfin damtse, bas ma nishi take yi.

Alwalar farko na sha wuya. Famfo biyu ne a wurin wanke hannu, ɗaya kamar daga tukunya, ɗaya kamar daga ƙanƙara, kuma ba sa haɗuwa. Na ƙona dama, na daskarar da hagu. Banɗakin kuma ba ruwan tsarki, Allah Ya taimake ni na taho da butata, wadda matata ta yi ta yi mini dariya da na cusa a jaka.

Abincinsu ba shi da yaji, amma ba ya cutarwa. Kifi suke soyawa a cikin ƙullu, a haɗa da dankali, kuma wannan na yaba. Akwai wani da suke alfahari da shi, kayan cikin tunkiya ake niƙawa a cusa a tumbi a dafa. Mista Angus ya kawo mana hotonsa a jikin kwali yana lumshe ido. Na ce masa mu ma muna cin kayan ciki, sai dai mu ba ma ɓoye su. Abin da ya haɗa mu da shi shurba ce. Ya shigo wata rana daf da shan ruwa ya tarar Nawal na dama shurbar hatsin nan da kowane gida a Jidda ke sha da azumi. Ya leƙa tukunya, ya ce ai hatsin ƙasarsu ne, su da safe suke dama shi da gishiri, ba nama. Baba ya ce a gaya masa sun yi shekaru suna ɓata hatsi. Aka zuba masa, ya shanye, ya miƙo kwano.

Shan ruwan kuwa, jama'a, sai wanda ya gani. La'asar ta yi, ta tsufa, ka duba taga rana na nan. Ka yi barci ka tashi, tana nan. Lokacin da kuke fitowa daga tarawihi a nan, mu ko alamar magariba babu. Idan ta faɗi kuma, kafin ka gama cin abinci ka yi isha'i ka miƙe ƙafa, alfijir ya taso. Nawal da kanta tana azumi, amma ita a zaune take wuni. Ta dube ni a kwana na farko-farko ta ce, "Ya Sabi'u, kai kana shil Abuya sama da ƙasa, fuskarka ta canja. Ka sha, haram alaik." Na ce, "Duktura, ni da na yi sa'ayi da mutum a arabiya cikin zafin Makka ina azumi? Wannan sanyin naku ai hutu ne." Gaskiya ne na yi. Abin da ban faɗa ba, a Makka daɓen marmara ne mai santsi, rana kuma tana faɗuwa a kan lokacinta, ni ma a lokacin ban kai shekarun yanzu ba.

Kwanakin farko duk asibiti ya cinye mana safiya har azahar, gwaji bayan gwaji, kuma asibitin yana bayan gari, ko ƙarar igwar ba a ji. Da yamma Nawal kan ɗauki tasi ta zaga da mu. Mun ga fadar Sarauniya daga bakin ƙofa, a ƙarshen babban titin tsohon gari. Bayanta akwai wani tsauni da mutane ke hawa ba don komai ba sai don su sauko. Mun shiga gidan tarihi, ba a biyan ko sisi, an cika shi da namun daji da aka busar aka tsayar kamar masu rai. Mun ga wata baƙar hasumiya mai tsini da na ɗauka coci ce, ashe wai don tunawa da wani marubuci aka gina ta. Wanda ya fi ɗaure mini kai gunkin kare ne a bakin hanya, mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto da shi. Wai ubangidansa ya mutu, ya yi shekaru yana kwana a kan kabarinsa. Na ce, "Subhanallahi, kare?" Baba ya ce, "Amana suka girmama, ba kare ba. Wuce mu tafi."

Maganar zane kuwa gaskiya ce, amma ba kowa ba, kuma ba kullum ba. Iyakarsa gwiwa, kamar yadda Yamalawan Balad ke ɗaura nasu, sai dai wannan mai nauyi ne mai layi-layi. Masu shi sukan tsaya a kusurwa suna busa wata algaita mai salka a hammata. Salkar ke riƙe iska, don haka mai busa yana numfashi amma kukan ba ya yankewa. Baba ya sa na tsaya gaban wani har ya gama, ya ce a tambaye shi ko ba ya jin sanyi a ƙafa. Mutumin ya ce yana ji mana, amma kakansa bai yi ƙorafi ba.

Duk inda muka je, idon Baba na kan ƙal'a. Daga ƙarshe likita ya sa ranar kwantar da shi, ya ba mu rana guda a tsakani ba gwaji. Ita ke nan mana. Bayan aiki ba wanda ya san abin da Allah zai yi, kuma ko an tashi lafiya an ce zai daɗe ba a jijjiga shi ba.

A ranar na makara, ban yi sahur ba. Na farka gari ya waye tas, maƙogwarona kamar an zuba yashi. Ban gaya wa kowa ba. Nawal ta ce ta kira tasi ya kai mu har ƙofar ƙal'a. Baba ya ce shi da son samu ne ya bi ta babban titin nan ya ga mutane, ya dube ni ya ce, "Amma sai in za ka iya." Da na ce a hau tasi, da magana ta ƙare. Sai na ce, "Baba, wannan ɗan tudun? Marwa ma ta san ni."

Titin daga fadar Sarauniya yake miƙewa har ƙal'a, kuma hawa ne tun daga farko har ƙarshe. Lokacin kuma garin cike yake da baƙi, ana wasanni a kan titi, wani na haɗiye wuta, wani ya shafa farin fenti ya tsaya kamar gunki. Cunkoso dai kamar an sauko daga Arfa. Na shiga aikina yadda na saba, ina cewa, "Ɗariƙ, ya hajji, ɗariƙ!" wato a ba da hanya. Ba wanda ya san me nake cewa, amma muryar ta isa, suka riƙa darewa suna ba ni haƙuri. Baba na ta dariya, yana ɗaga wa mutane hannu kamar sabon ango. Na daɗe ban gan shi cikin nishaɗi irin na wannan hantsi ba.

Wurin da aka daɓe da duwatsu ne ya soma karya ni. Duwatsu ne ƙanana masu ƙusumbi, an jera su kamar burodi, ƙafar arabiya na faɗawa tsakaninsu. Dabarar ita ce ka danna hannu ka ɗaga ƙafafun gaba, ka tafi a kan na baya, nauyin duka ya dawo damtsenka. Haka na yi ta yi. Zufa ta keto mini cikin sanyin nan, sannan ta ɗauke, wanda na san ba alama ce mai kyau ba.

Muka iso wani fili a gaban ƙofar ƙal'a. Nawal ta je karɓo tikiti, ta dawo da wata ma'aikaciya mai jan gashi. Ta ce suna da 'yar mota musamman don masu arabiya, kyauta, za ta kai Baba har sama, don hawan ciki ya fi na waje tsanani. Nawal ta ce, "Yalla, alhamdu lillah." Ni kuwa na ji kamar an zage ni. Na kawo shi tun daga ƙasa, sai a ƙarshe mota ta shiga da shi, in dawo Kurayyat in ce me? Na ce, "Duktura, motar nan sai an jira ta, ga lokaci ya matso. Kafin ta juyo mun isa."

"Sabi'u, leɓenka ya yi fari."

"Haka yake tun haihuwa."

Baba ya waiwayo ya dube ni.  Ya yarda da ni ne, kamar yadda ya saba.

Muka haye wata 'yar gada, muka shige ƙofar farko. Daga nan hanya ta miƙe tsaye tsakanin bangon dutse da bangon dutse, ta nufi wata ƙofa ta biyu. An ce mana da ka wuce ta ka ɗan taɓa gaba, ga igwar nan. Ina ganin ƙofar. Ina jin mutane na wuce mu da sauri don su sami wurin tsayawa. Sai ƙarar garin ta yi nisa, kamar na nutsa a ruwa. Ƙofar ta rabu biyu, ta yi baƙi. Arabiya ta kuɓuce mini.

Abin da na tuna, arabiya ta taho baya ta bugi ƙirjina, na faɗi, na tokare ta da kafaɗa, tana ture ni muna zamewa a kan duwatsu. Na ji Nawal ta ƙwalla ƙara, "Abuya!" Wani ƙaton Bature da ke bayanmu ya yar da abin da ke hannunsa ya cafke ta, ma'aikaciyar nan, wadda ashe ta biyo mu, ta taka birki. Da ba su ba, da tsohon da ya tsallako teku don a gyara masa zuciya ya gangara da baya har ƙofar farko.

Aka jingina ni da bango. Nawal na duba ubanta tana kuka tana yi mini faɗa da Larabci, kuma duk abin da ta faɗa na cancanta. Ma'aikaciyar ta kawo gorar ruwa ta kafa mini a baki. Kun san abin da na yi? Na kau da kai. Na ce, "Ina azumi." Ina kwance a ƙasa, na kusa kashe mutum, amma ƙofar baƙalar Garba nake gani.

Baturen nan ya duba agogo ya yi magana. Nawal ta ce, "Abuya, ya ce akwai sauran lokaci kaɗan, shi zai tura ka. Yalla, mu je, wannan za su kula da shi."

Baba ya ce, "A'a."

"Abuya, don wannan ka zo!"

"Na san abin da ya kawo ni. Da shi na fito daga gida, ba na barinsa a ƙasa a bakin ƙofar mutane. Matso da ni kusa da shi."

Na ce, "Baba, don girman Allah ka tafi." Ya ce, "Rufe mini baki, ya waladi." Ya karɓi gorar daga hannun ma'aikaciyar, ya laluba aljihu ya fito da dabino, irin wanda yake ajiyewa saboda ciwon sukarinsa. Bai ce in sha ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya riƙe su a cinya kawai, ya karkata kai gefe, yana sauraro. Hanya ta yi tsit, kowa ya haye.

Sai ta tashi. Ƙara guda, mai nauyi, na ji ta a bangon da na jingina kafin in ji ta a kunne. Tsuntsaye suka watse daga kan ganuwa. Ƙarar ta gangara cikin gari ta dawo.

Baba ya lumshe ido. Da ya buɗe, sai ya miƙo mini dabino, da muryar da ban taɓa jin ya yi ba, irin ta saurayi mai shela, ya ce, "Midfa ya buga! Bisimilla, ya sa'im, ya mai azumi."

Rana na tsakiyar sama. Na sani, ya sani. Amma mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana ba gari guda izinin shan ruwa ne ya ba ni, kuma ya biya da abin da ya tsallako duniya don ya gani. Na karɓa. Na ci dabinon ina kuka, na shanye gorar.

Daga baya motar ta zo ta kai mu sama. Mun tarar an gama, sojan da ya buga ta ya tafi, mutane na watsewa, igwar na tsaye an kewaye ta da sarƙa. Baba ya sa aka matsa da shi iyakar inda aka yarda, ya shaƙi iska, ya ce akwai sauran ƙanshin albarushi. Ni ban iya ɗaga ido ba. Na durƙusa gefen arabiya na ce, "Baba, na hana ka gani."

Ya ce, "Sabi'u, shekarun da na yi a bakin midfa, kullum ina ganinta, kunnena toshe da auduga. Ban taɓa jin yadda take isa wurin mai ƙishirwa ba sai yau. Tashi ka tura ni, a hankali."

Washegari aka kwantar da shi. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma kamar yadda aka faɗa, likita ya hana a bi da shi kan duwatsun nan, har muka baro garin bai koma ƙal'a ba. Sauran azumin, ranar da zan goye shi ko in kwana a kansa a asibiti na sha, ranar da nake zaune na yi. Nawal ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, sai ranar da za mu taho ta cusa mini kwalin hatsin shurba a jaka ta ce in kai wa matata. Mista Angus ya taya ni sauko da arabiya, wannan karon na sakar masa.

Na rama abin da na sha bayan salla, ban gaya wa kowa ba. Da kuka tambaye ni ko na cika alkawari, na ce muku azumin can sai namiji, na bar ku kuka fahimci abin da ba haka ba. Garba, ka ji yanzu: na sha, da rana tsaka, a zaune a ƙasa.

Wanda Allah Ya kai shi Edinbara a cikinku, ya ga fadar, ya ga karen, ya saurari masu algaita, ya hau ƙal'a kafin ƙarfe ɗaya. Idan da tsoho a hannunsa, aka ce ga mota, ya shiga.

Jiya ma baƙi sun zo gai da Baba, ina zuba musu gahawa, wani ya ce, "Baba Usman, ka dai ga igwar Turawan?" Baba ya kurɓa, bai ko dubi inda nake ba. Ya ce, "Na ji ta. Albarushinsu busasshe ne, kuma a kan lokaci suka buga."